Waƙoƙin hip-hop: Yadda ake gano abin da mawaƙi yake nufi

A watan Oktoban 2025 ne wata mai shari'a a kotun tarayya da ke birnin New York, Jeannette Vargas, ta yi watsi da ƙarar ɓata suna da mawaƙin nan ɗan ƙasar Kanada, Drake, ya shigar a kan kamfanin waƙoƙi na Universal Music Group.

Drake ya je kotun ne saboda waƙar Not Like Us, wadda abokin hamayyarsa Kendrick Lamar ya fitar a 2024, inda ya jefe shi da zargin neman ƙananan yara mata, zargin da Drake ya musanta.

Mai shari'ar ta kafa hujja da cewa an yi waƙar ce a tsakiyar zambo mai zafi tsakanin mawaƙa biyu, don haka mai sauraro mai hankali ba zai ɗauki kalaman da ke cikinta a matsayin tabbataccen labari ba.

Hukuncin ya sake taso da tambayar da ta daɗe tana bin wannan salon waƙa, wanda a ƙasar Hausa ake kira gambarar zamani: idan mawaƙi ya faɗi magana, me yake nufi da ita, kuma wane ne ke da ikon fassara ta?

Tambayar ba ta nishaɗi ba ce kawai. A Amurka da Birtaniya akwai matasan da aka ɗaure bayan an karanta wa kotu baitocinsu. A wasu ƙasashen kuma waƙa guda ta isa ta sa jami'an tsaro su ƙwanƙwasa ƙofar mawaƙi.

Asalin salon

Akasarin masu tarihin hip-hop suna ɗaukar ranar 11 ga watan Agustan 1973 a matsayin mafarinsa. A ranar ce wani matashi haifaffen Jamaika, Clive Campbell, wanda aka fi sani da DJ Kool Herc, ya sa kiɗa a wani taron rawa da ƙanwarsa ta shirya a gini mai lamba 1520 a titin Sedgwick da ke unguwar Bronx a New York.

Da farko mai magana a kan kiɗan ba shi da wani aiki illa zuga masu rawa da wasa mai sa fayafayai. Haka waƙar Rapper's Delight ta 1979, wadda ta fitar da salon zuwa duniya, ta kasance: raha ce da alfahari.

Abubuwa sun sauya a 1982 da fitowar waƙar The Message ta Grandmaster Flash da ƙungiyarsa, wadda ta bayyana talauci da ƙunci da lalacewar unguwannin baƙar fata. Daga nan ne jama'a suka fara kasa kunne don jin abin da ake faɗa, bayan a da rawa kawai suke takawa.

Sai dai kuma jin kalmomin daban, fahimtarsu daban.

Harshen cikin gida

Shingen farko shi ne harshe. Ana rera yawancin waƙoƙin ne da karin Turancin baƙaƙen fatar Amurka, wanda ke da nasa nahawu da nasa lafazi, sannan a ɗora masa saran unguwa da ke sauyawa daga birni zuwa birni, daga shekara zuwa shekara. Wanda ya yi digiri a Turanci a Zariya ko Oxford yana iya sauraron baiti guda sau goma bai kama bakin zarensa ba.

Wasu kalmomin zaurance ne tsantsa. Idan mawaƙi ya ambaci lamba 187, kisan kai yake nufi, domin ita ce lambar sashen da ya yi magana a kan kisa a kundin dokokin manyan laifuka na jihar California. Idan ya ce 5-0, 'yan sanda yake nufi, kuma an aro sunan ne daga wani wasan talabijin na 'yan sanda mai suna Hawaii Five-O da aka fara nunawa a 1968.

Sunan Benjamin kuwa kuɗi ne, saboda hoton Benjamin Franklin ne a kan takardar dala 100. Ƙanƙara ita ce lu'ulu'un da ake ado da shi. Kalmar "trap", wadda asalin ma'anarta tarko ne, a birnin Atlanta tana nufin gidan da ake sayar da miyagun ƙwayoyi, kuma daga nan ne wani reshe na kiɗan ya samo sunansa.

Akwai kuma kalmomin da ma'anarsu ta dogara ga bakin da suka fito. Babban misali shi ne kalmar nan ta ƙasƙanci da fararen fata suka riƙa kiran baƙaƙe da ita tun zamanin bauta. Mawaƙa da dama sun ɗan sauya lafazinta suna kiran junansu da ita, da ma'anar aboki ko ɗan'uwa. Su kansu baƙaƙen fatar ba su yi ittifaƙi a kan hakan ba: a 2007 ƙungiyar kare haƙƙinsu ta NAACP ta shirya wa kalmar jana'iza ta alama a birnin Detroit, amma hakan bai kore ta daga waƙoƙi ba.

A Faransa ma haka abin yake da wani zaurance da ake kira "verlan", inda matasan unguwannin bayan gari ke juya gaɓoɓin kalma, na ƙarshe ya dawo farko, kamar dai yadda yara ke yi a ƙasar Hausa idan ba sa son manya su ji hirarsu.

Kirari da zambo da habaici

Mai sauraro Bahaushe yana da wata dama da Baturen Ingila ba shi da ita, domin ya taso ya tarar da kirari da zambo da habaici a gida.

Ya san cewa idan ɗan dambe ya shiga fage ya kira kansa dodo ko ajali, ba wanda zai je ya kai rahoto ga hukuma. Ya san makaɗin fada yana iya yi wa abokin hamayyar ubangidansa zambo ba tare da ya kama suna ba, amma kowa a wurin ya gane da wa ake. Ya kuma san wasan da ke tsakanin taubasai ko tsakanin Fulani da Barebari, inda maganar da za ta jawo faɗa a wani wurin take zama abin dariya.

Baƙaƙen fatar Amurka suna da irin waɗannan al'adu tun kafin hip-hop. Akwai wasan da suke kira "the dozens", inda samari biyu ke musayar baƙar magana, galibi a kan iyayen juna mata, a gaban 'yan kallo, kuma wanda ya fara fusata shi ne ya faɗi. Ɗan damben nan Muhammad Ali ya shahara da yi wa kansa kirari mai amsa-amo kafin ya hau fage.

Farfesa Henry Louis Gates ya yi nazarin wannan dabara ta gugar zana a littafinsa The Signifying Monkey na 1988. Sunan littafin ya fito ne daga wata tatsuniya ta biri da ya je ya gaya wa zaki cewa giwa tana zaginsa. Zaki ya ɗauki maganar yadda ta zo, ya tafi ya tari giwa, ya sha kashi. Laifin zaki a tatsuniyar shi ne rashin gane cewa wasa da harshe ake yi masa. Gates ya danganta halin birin da Esu na al'adun Yarabawa.

Nazarin nasa bai tsaya a jami'a ba. A 1990 wani alƙalin tarayya a jihar Florida ya yanke hukuncin cewa faifan As Nasty As They Wanna Be na ƙungiyar 2 Live Crew batsa ne. Da aka gurfanar da mawaƙan a wata shari'ar a cikin shekarar, Gates ya ba da shaida cewa abin da suke yi zuzutawa ce da ba'a irin ta al'adarsu. An wanke su, kuma a 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin farko.

Ba kowa ne ya gamsu da bayanin farfesan ba. Mata masu fafutuka da dama, ciki har da baƙaƙen fata, sun ce kiran abu al'ada bai hana shi zama cin zarafin mata ba. Wanda ya saurari faifan da kansa zai yi wuya ya ce ba su da hujja.

Wa ke magana?

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa duk inda mawaƙi ya ce "ni", kansa yake nufi.

A waƙar I Gave You Power ta 1996, mawaƙi Nas ya ari bakin bindiga ne, tana ba da labarin yadda take yawo daga hannu zuwa hannu, da yadda ta gaji da kisa. A waƙar Stan ta 2000, Eminem ya yi magana da muryar wani masoyinsa da ƙauna ta zame masa hauka, yana ta aiko masa da wasiƙu. Sunan ya yi tasiri har ya shiga ƙamus ɗin Oxford a 2017 da ma'anar mai son wani shahararre fiye da kima.

Wani lokacin kuma wanda ake magana a kansa ne aka sakaya. Waƙar I Used to Love H.E.R. ta Common, wadda ta fito a 1994, labarin wata yarinya ce da ya so tun suna yara, daga baya ta bi kuɗi ta lalace. Sai a ɗangon ƙarshe ya bayyana cewa yarinyar ita ce hip-hop ɗin kansa. Tupac Shakur ma yana da waƙar da mai sauraro zai rantse ta soyayya ce ga budurwa, alhali bindigarsa yake wa.

Rikici mafi girma a kan wannan batu ya auku a 1992, lokacin da Ice-T da ƙungiyarsa ta Body Count suka fitar da waƙar Cop Killer, wadda a haƙiƙa kiɗanta ma ba na hip-hop ba ne. Ta fito ne 'yan makonni kafin tarzomar Los Angeles, wadda ta ɓarke bayan an wanke 'yan sandan da suka lakaɗa wa Rodney King duka. Shugaba George Bush babba da mataimakinsa Dan Quayle sun yi tir da waƙar, ƙungiyoyin 'yan sanda kuma suka yi kiran a ƙaurace wa kamfanin da ya fitar da ita.

Ice-T ya ce ya yi magana ne da bakin wani mutum da zaluncin 'yan sanda ya kai shi bango, amma daga ƙarshe ya janye waƙar daga faifan. Abin mamaki, tun daga shekarar 2000 ya shiga fitowa a matsayin ɗan sanda mai suna Tutuola a wasan talabijin na Law & Order, kuma ba wanda ya ce ya zama ɗan sandan gaske.

To amma su ma mawaƙan suna da hannu a wannan ruɗani. Kasuwar hip-hop ta ginu ne a kan da'awar cewa mawaƙi yana faɗin abin da ya gani da idonsa, kuma wanda aka kama yana ƙarya yana iya rasa masoya. A 2008 aka bankaɗo cewa Rick Ross, wanda ke waƙa a matsayin hamshaƙin dillalin hodar ibilis, ya taɓa aikin gandiroba a jihar Florida. Ya musanta da farko, daga baya ya amsa. Sunan da yake amfani da shi ma na wani tsohon dillali ne na birnin Los Angeles.

Sunayen Musulunci, aƙida ta daban

Akwai wani ɓangare da ya kamata mai sauraro Musulmi ya yi hattara da shi, domin nan ne kunne ya fi yaudarar mai shi.

Wanda ya saurari waƙoƙin New York na ƙarshen shekarun 1980 da na 1990 zai ji ana yawan ambaton Allah da Makka da Madina, har da sallama. Da yawa daga cikin matasan da suka ji haka a Kano ko Yamai sun ɗauka mawaƙan Musulmi ne irinsu. A lokuta da dama ba haka ba ne.

Kalmomin sun fito ne daga wata ƙungiya da ake kira Five Percent Nation, wato al'ummar kashi 5 cikin 100. Wani mutum mai suna Clarence 13X ne ya kafa ta a unguwar Harlem a wajajen 1964, bayan ya fice daga ƙungiyar Nation of Islam, inda ya kasance a masallacin da Malcolm X ke jagoranta. An harbe shi har lahira a 1969.

Koyarwarsa ta kasa mutanen duniya kashi uku: kashi 85 cikin 100 jahilai ne da ake juyawa, kashi 10 sun san gaskiya amma suna ɓoye ta don su ci da gumin sauran, kashi 5 kuma su ne malaman da ke wayar da kan jama'a.

Ƙungiyar ba ta yarda da Ubangijin da ba a gani ba. A wurinta baƙin mutum namiji shi ne abin bauta, mace kuma ita ce ƙasa, kuma Clarence da kansa ya laƙaba wa kansa sunan Allah. Wannan aƙida ta yi hannun riga da tauhidi, kuma da yawa daga mabiyanta su ma suna cewa su ba Musulmi ba ne, tafarkinsu ba addini ba ne.

Saboda haka idan irin wannan mawaƙi ya kira abokinsa da sunan Ubangiji, ba salati yake yi ba. Idan ya ce daga Makka yake, Harlem yake nufi. Madina kuma ita ce unguwar Brooklyn.

Suna kuma da wani lissafi da suka bai wa kowace lamba ma'ana: 1 ilimi, 2 hikima, 3 fahimta, 7 kuma Ubangiji. Haruffa ma haka. Baitin da ke cike da lambobin da kamar ba su da kan gado yana iya zama cikakkiyar jimla ga wanda ya san mabuɗin. Kalmar "cipher", da ake kiran da'irar mawaƙa masu musayar baitoci da ita, tana cikin kalmomin da suka yaɗu ta hanyarsu. A lissafinsu ita ce sifiri.

Tasirin ƙungiyar ya bayyana a waƙoƙin Rakim da Big Daddy Kane da Brand Nubian da Poor Righteous Teachers da kuma Wu-Tang Clan. Ita kuwa Public Enemy ta fi karkata ga Nation of Islam ta Louis Farrakhan, wadda ita ma aƙidarta ta sha bamban da ta sauran Musulmin duniya.

Hakan ba ya nufin babu Musulmi na sosai a fagen. Mos Def, wanda ya koma amfani da sunan Yasiin Bey a 2011, ya buɗe faifansa na 1999 da Bisimilla. Akwai Lupe Fiasco, wanda sunansa na yanka Wasalu Muhammad Jaco, da Brother Ali, da kuma ƙungiyar Native Deen. Sanin ɓangaren da mawaƙi ya fito shi ne ke nuna ko Makkar da ya ambata ta Saudiyya ce ko ta New York.

Wuri da zamani

Baitoci da yawa ba sa fassaruwa sai an san abin da ke faruwa a lokacin da aka rubuta su. A tsakiyar shekarun 1980 wani nau'in hodar ibilis mai arha da ake kira "crack" ya mamaye unguwannin talakawa a Amurka. Dokar da aka kafa a 1986 ta tanadi hukunci iri ɗaya ga wanda aka kama da giram 1 nata da wanda aka kama da giram 100 na garin hodar, wanda masu hali suka fi sha. Sai a 2010 aka rage tazarar zuwa 18 da 1.

Wannan ne ya sa kurkuku da lauyoyi da binciken 'yan sanda suka cika waƙoƙin wancan zamani. A 1989 wani babban jami'in hukumar FBI ya aike da wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ke rarraba faifan ƙungiyar N.W.A saboda wata waƙarsu ta zagin 'yan sanda. Shekaru uku bayan haka birnin da suke waƙa a kansa ya kama da wuta.

Waƙar 99 Problems ta Jay-Z ta nuna yadda kalma ɗaya ke iya ɗaukar kaya biyu. Amshinta yana ɗauke da kalmar da ake zagin mata da ita, wadda asalin ma'anarta ita ce macen kare. A littafinsa Decoded na 2010, mawaƙin ya bayyana cewa baiti na biyu labarin wani abu ne da ya same shi a 1994, lokacin da ɗan sanda ya tsayar da shi a hanya da ƙwaya a ɓoye cikin mota. Ya ƙi yarda a bincike shi, aka tsaya jiran karen da ke sansano ƙwaya, karen bai iso ba, aka sallame shi. A wannan baitin, in ji shi, karyar 'yan sanda yake nufi.

Wani malamin shari'a, Caleb Mason, ya rubuta maƙala a 2012 yana bin baitin ɗango bayan ɗango. Ya ce mawaƙin ya yi daidai a mafi yawan abin da ya faɗa game da haƙƙin direba, amma ya yi kuskure a wuri guda: kulle bayan mota ba ya hana ɗan sanda bincike idan yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zargi.

Ya kamata kuma a tuna cewa ba kowace kalma ce ke da ɓoyayyen sirri ba. Tun da Rakim ya yaɗa salon amsa-amon ciki a faifan Paid in Full na 1987, mawaƙa ke gasar jera kalmomi masu sauti ɗaya, kuma sau da yawa sautin ne ke zaɓar kalma. Wasu waƙoƙin kuma, komai zurfin da mai sharhi ya so ya ba su, tallar giya da motoci da fasiƙanci ne kawai.

Baitoci a gaban alƙali

A kotu ne batun fassara ya fi zama na rai da mutuwa. Masu bincike biyu, Erik Nielson da Andrea Dennis, sun bayyana a littafinsu Rap on Trial na 2019 cewa sun gano shari'o'i kimanin 500 da aka gabatar da baitocin hip-hop a matsayin shaida a Amurka, kuma akasarin waɗanda ake tuhumar matasa ne baƙaƙe ko 'yan asalin Latin Amurka da ba su yi suna ba.

Wani gwaji da masaniyar halayyar ɗan Adam Carrie Fried ta yi a shekarun 1990 ya nuna inda matsalar take. Ta bai wa mutane baitocin wata tsohuwar waƙar gargajiyar Amurka ta 1960 da ke ba da labarin kashe ɗan sanda. Wasu ta ce musu waƙar hip-hop ce, wasu kuma ta ce ta makaɗan karkara ce. Waɗanda aka ce wa hip-hop ce sun fi ganin ta a matsayin mai haɗari. Wasu masana a Jami'ar California da ke Irvine sun maimaita gwajin a 2016, suka sami sakamako makamancin wannan.

A 2014 kotun ƙolin jihar New Jersey ta tabbatar da soke hukuncin da aka yi wa Vonte Skinner kan yunƙurin kisa, saboda an karanta wa masu taimaka wa alƙali shafuka 13 na baitocin da ya rubuta tun kafin aukuwar laifin. Kotun ta yi nuni da cewa ba wanda ke zaton Bob Marley ya harbe wani jami'in tsaro don kawai ya yi waƙar I Shot the Sheriff.

Jihar California ta kafa dokar taƙaita amfani da irin wannan shaida a 2022. A jihar Georgia kuwa, alƙali ya amince a 2023 a gabatar da wasu baitocin Young Thug a shari'ar da ake zarginsa da jagorantar gungun masu laifi. Mawaƙin ya amsa wasu tuhume-tuhumen a watan Oktoban 2024, aka sake shi bisa sharaɗin sa ido na shekara 15.

A Birtaniya, a watan Janairun 2019, an yanke wa mawaƙa biyu, Skengdo da AM, ɗaurin wata tara da aka jingine, saboda sun rera wata waƙa a wani wasa a Landan, abin da aka ce ya saɓa wa umarnin kotu.

Masu gabatar da ƙara su ma suna da misalansu. A 2017 wani matashi ɗan jihar Texas mai suna Tay-K ya tsere daga ɗaurin talala, ya yi waƙar The Race a kan gudun da yake yi wa hukuma, bidiyon waƙar ya fito a ranar da aka kama shi. A 2019 aka same shi da laifin kisa, aka ɗaure shi shekara 55. A nan ba a buƙaci wani farfesa ya yi fashin baƙi ba.

Wa ke da ta cewa?

Ko rubuta kalmomin daidai aiki ne. Da Jami'ar Yale ta wallafa kundin The Anthology of Rap a 2010, masu sharhi sun gano kurakurai da yawa a yadda aka kwafo baitocin daga fayafayai.

A 2009 wasu tsofaffin ɗaliban jami'ar su uku suka buɗe shafin intanet na Rap Genius, wanda ya koma Genius a 2014, inda kowa ke iya rubuta sharhi a gefen kowane ɗango, kamar yadda malamai ke yin hashiya a gefen littafi. Shafin ya taimaki miliyoyin masu sauraro, amma ya kuma haifar da masu ganin ma'ana bakwai a inda mawaƙi ya sa guda. Wasu mawaƙan kan shiga su yi bayani da kansu, ko da yake maganar mai waƙa ma ba ta rufe ƙofa, musamman idan akwai shari'a ko ciniki a gabansa.

Manyan cibiyoyi dai sun riga sun karɓi salon a matsayin adabi. A 2018 Kendrick Lamar ya sami lambar yabo ta Pulitzer a fannin kiɗa saboda faifansa DAMN., karo na farko da aka bai wa wanda ba makaɗin gargajiyar Turai ko na jazz ba.

A nahiyar Afirka sau da yawa hukumomi ne ke riga kowa fassara. An kama mawaƙin Tunisiya El Général a watan Janairun 2011 bayan waƙarsa da ta yi magana kai tsaye da Shugaba Ben Ali, kwanaki kaɗan kafin shugaban ya tsere daga ƙasar. A Senegal mawaƙan ƙungiyar Keur Gui suna cikin waɗanda suka kafa gwagwarmayar Y'en a Marre a wannan shekarar.

A Najeriya, Eedris Abdulkareem, wanda ya tashi a Kano, ya fusata Shugaba Olusegun Obasanjo da waƙar Jaga Jaga a 2004. A watan Afrilun 2025 kuma hukumar kula da kafofin yaɗa labarai ta NBC ta hana sa wata waƙarsa mai suna Tell Your Papa, wadda ya yi wa ɗan Shugaba Bola Tinubu a kan tsadar rayuwa.

Muhawarar da ta fi shafar Musulmi ita ce ta 2018, lokacin da mawaƙi Falz, wanda lauya ne, ya fitar da This Is Nigeria, yana kwaikwayon This Is America ta Childish Gambino. A bidiyon an nuna 'yan mata sanye da hijabi suna rawar shaku-shaku, an kuma nuna wani cikin shigar Fulani yana kai wa mutum sara.

Ƙungiyar kare haƙƙin Musulmi ta MURIC ta ce wannan cin mutuncin hijabi ne da kuma shafa wa Fulani kashin kaji, ta ba shi wa'adin kwana bakwai ya janye bidiyon ya nemi gafara. Falz ya ce 'yan matan suna wakiltar ɗaliban Chibok ne da aka sace a 2014, kuma ya ƙi janyewa.

Da hukumar NBC ta tashi hana sa waƙar a watan Agustan shekarar, ba ta kafa hujja da hijabin ko Fulanin ba. Wani ɗango guda ta nuna, wanda ya kira kowa da kowa a ƙasar mai laifi, ta ce bai dace a watsa shi ba.